Yadda na gyara hotunan cikin ruwa da ke fitowa da duhu

Ruwan tafkin Gidimuni, a jihar Damagaram ta Nijar, yana da laka, haske ba ya nisa a cikinsa. Hotunan kifi suna fitowa kore-kore, da fararen ɗigo kamar an watsa gero. Laifin na filashin jikin kamara ne: yana kusa da idon kamarar, sai ya haska ƙurar ruwa ta dawo cikin hoton.

Na kashe shi, na ɗaura tocila mai hana ruwa a kan sanda, gefe guda, tana haskawa a karkace. Na matsa kusa da abin ɗauka, ƙasa da rabin mita. Wannan kaɗai ya kawar da yawancin ɗigon.

Wajen zaɓen kamara, kada yawan megafiksel ya ruɗe ka, duba faɗin ƙofar haske. Olympus TG-6 tana buɗewa har f/2 (ƙaramar lamba na nufin ƙofa mai faɗi), tana jure zurfin mita 15, tana ajiye RAW, wato ɗanyen hoton da kamara ba ta sarrafa ba. Na tsayar da ISO, wato ma'aunin jin hasken kamara, a 800, gudun ɗauka 1/125 na daƙiƙa. In ISO ya haura haka, hoton ya yi yashi, don firikwensinta, ɓangaren da ke karɓar haske, ƙarami ne. Ja shi ne launin da ruwa ke fara cinyewa, RAW ke ba ka damar maido shi a kwamfuta.

Sai ƙurar hunturun Damagaram. Ƙwayar yashi ɗaya a robar murfin batir ta isa ruwa ya shiga, don haka a goge ta a ɗaki kafin a rufe.