Idan jiki ya ƙi rinin gashi: gwaji, magani da abin da za a shafa a madadinsa

Yawancin rinin da ke baƙanta furfura, wanda ake haɗa kwalabe biyu, yana ɗauke da sinadarin PPD. A bayan kwali za a ga an rubuta shi p-phénylènediamine. Shi ne babban mai jawo ƙaiƙayi, ƙuraje masu ruwa a goshi da bayan kunne, da kumburin fatar ido. Yawanci alamun ba sa fitowa nan take, sai bayan kwana 1 zuwa 3, shi ya sa wasu ke ɗora laifin kan abinci ko zafin rana.

Mutum na iya shekaru yana rini lafiya, rana ɗaya jiki ya juya masa baya, kuma idan ya juya ya juya ke nan har abada. Mata da yawa daga baƙin lalle na biki suke ɗauko matsalar. Lalle na gaske ja yake kamawa, kuma sai ya ɗauki awoyi. Wanda ya yi baƙi wuluk cikin rabin awa, kusan kullum PPD aka zuba masa, sau da yawa fiye da na rinin gashi.

Kafin kowane rini a gwada, ko da irin wanda aka saba ne. A haɗa ɗan kaɗan daga kwalaben biyu, a ɗiga a bayan kunne ko lanƙwasar hannu, a jira awa 48. In wurin ya yi ja, ya kumbura ko yana ƙaiƙayi, a wanke, a haƙura da rinin. Wanda ya taɓa kumbura kada ya gwada a gida. Kada kuma a yi rini a kan da ke da ƙuraje, ko ranar da aka sa man miƙar da gashi. A bar sati 2 tsakani.

In ƙaiƙayi ko kumburin ya riga ya fito, a wanke kai da ruwa mai yawa da sabulu marar zafi. A farmasi ana samun setirizin, maganin ƙaiƙayi, babba ya sha ƙwaya ɗaya ta miligram 10 a rana, da man haidirokotizon na shafawa. Kumburin leɓe ko harshe, ko numfashi ya yi wuya, wannan na gaggawa ne, a nufi babban asibitin Damagaram ba jira.

Madadin da ya fi aminci shi ne lalle zalla. Gara a sayi busasshen ganye a Kasuwar Dole ta Damagaram a daka a tankaɗe, da a ɗauki garin da ba a san me aka cuɗa masa ba. Gram 100 ya ishi gajeren gashi ko gemu. A kwaɓa da ruwan ɗumi ya yi kaurin kunu, a rufe wajen awa 6, a shafa, a ɗaure da leda awa 3, a wanke. Furfura za ta koma ja.

Mai son baƙi sai ya bi da garin ganyen baba. Shi ba a jiƙa shi ya kwana: a kwaɓa, a jira minti 10, a shafa a kan gashin da ya sha lalle, awa 1 zuwa 2. In aka shafa baba shi kaɗai, furfura kan koma kore-kore ko shuɗi. Ruwan marina kuwa kada ya taɓa kai, akwai toka ko soda mai cin fata a ciki.

Kwalin da aka rubuta “sans PPD”, wato babu PPD, shi ma a karanta bayansa. Wasu suna musanya shi da toluène-2,5-diamine, kuma da yawan waɗanda PPD ya kama shi ma yana kama su.