Yadda za ku haɗa tafiyar gasar hoki na ƙanƙara ku da abokai

Kafin a fara maganar otal ko tikiti ku kama gola tukuna. A hoki na ƙanƙara mutum 6 ne kowane ɓangare a fili, 5 'yan wasa 1 gola, kuma shi ba irin golan ƙwallon ƙafa ba ne da za a ce wane zo ka tsaya mana, kayansa daban, sandarsa daban, hatta takalminsa daban yake. Mu akwai lokacin da golanmu ya turo saƙo ana gobe tafiya wai gwiwa ta motsa, haka muka sauka muna bin mutane a bakin fili muna roƙon aron gola, wanda muka samu kuma ya riga ya buga wasa biyu ranar, ko durƙuso da kyar yake yi, aka yi ta ɗura mana kamar ba gobe. To ku ajiye na biyu, ko ku tambayi masu shirya gasar tun wuri ko suna da na ko-ta-kwana.

Sai yawan mutane. Goma da gola ya yi daidai, shida a gaba huɗu a baya ana canji, don wasan nan minti ɗaya ka yi kana gudu a kan ƙanƙara numfashi ya ƙare sai benci. Gasar 'yan sha'awa yawanci Juma'a zuwa Lahadi ce, wasa uku ko fiye, in kuka je ku bakwai ranar Lahadi ƙafa ba za ta ɗauku ba.

Wajen rajista ku faɗi gaskiyar matakinku, kar son girma ya kai ku rukunin waɗanda suka buga a jami'a. Ku duba kuma ko an hana bangaza, yawancin gasar manya an hana. In a Amurka ne gasar da ke ƙarƙashin USA Hockey, hukumar hoki ta ƙasar, sai kowa ya yi rajistarsa ta shekara, kar a bari sai an je bakin ƙofa.

Kuɗi kuwa mutum ɗaya ya riƙe, kowa ya ba da kafin alƙalami da sharaɗin wanda ya fasa ya yi asara. Masu “sa sunana zan turo” su ne suke fasawa.

Yanzu kaya. Jesi biyu, fara da mai duhu, don kar ku yi anko da abokan karawa. Sanda biyu kowa, tana karyewa ba sallama. Tef, igiyar takalmi ta sifiya, sannan a wasa ƙarfen da ke ƙarƙashin takalmi, wanda ake sulɓi da shi a kan ƙanƙara, tun a gida, don ba ka san hannun mai washin can ba, in ya canza maka zurfin washin sai ka ji kamar ƙafar wani ka aro. Ranar haɗa jaka ka bi jikinka daga ƙasa zuwa sama, takalmi, makarin ƙauri, wando, na gwiwar hannu, na kafaɗa, safar hannu, kwalkwali, haka ba ka manta komai.

In jirgi ne, sanda ba ta shiga ciki da kai, ku ɗaure su wuri ɗaya da tef a tura da kaya. Jaka yawanci kilo 23 ce iyaka, ta gola kan wuce, sai ku rarraba masa. Takalmi dai in dokar filin jirgin ta yarda ka riƙe shi a hannu, komai ana iya ara in jaka ta ɓata amma takalmin da ya saba da ƙafarka babu. In mota ce ku ƙirga jakunkuna kafin kujeru, ƙaramar mota mutum uku ta cika.

Abin da ba a faɗa wa sabon shiga shi ne wari. Kana dawowa ɗaki zazzage jakar gaba ɗaya, ciro shimfiɗar cikin takalmi, goge ƙarfen kar ya yi tsatsa, baza safar hannu a buɗe, in da ƙaramar fanka ka kunna musu. Wanda ya bar nasa a but ɗin mota cikin sanyi, da safe jiƙaƙƙen kaya mai ƙanƙara zai saka, na ga wani yana hura wa safarsa na'urar busar da gashi ƙarfe shida na safe ana jiransa a waje. Mutum biyu a ɗaki ya isa, huɗu da kayansu ba mai barci.

In kuma golan ya gagara gaba ɗaya, akwai hokin tafki, wanda ake bugawa a kan tafkin da ya daskare, mutum huɗu-huɗu ba gola, kamar wanda ake yi a Plaster Rock ta Kanada tun 2002 ko na tafkin Nokomis a Minneapolis. Kayan ba yawa, sai dai a waje ake bugawa, ku ninka safa.