Gyaran ralantin tsohuwar Volkswagen mai ɗakin kwana

Volkswagen T3, wadda aka ƙera a Turai daga 1979 zuwa 1992, injinta a baya yake, kuma da yawa daga cikin masu shan esans da karburato suke aiki. Idan irin wannan mota ta fara mutuwa a duk inda aka taka birki, ko injin ya riƙa karkarwa a tsaye, abin da aka saba gani a garejin Tahoua shi ne yaron gareji ya ɗauko turnabis ya ƙara ralanti, wato yawan juyin da injin ke yi idan mota na tsaye ba a taka totur ba. Wannan ɓoye cuta ne, domin bis ɗin ralanti shi ne ya kamata a taɓa daga ƙarshe.

A bar injin ya yi zafi tukuna, sannan a buɗe filtar iska, wadda ƙurar hunturu kan toshe cikin ƙanƙanen lokaci. Daga nan sai tiyo-tiyon roba da ke manne da karburato, kuma a nan ne ya dace a daɗe, saboda zafin rana yana busar da roba har ta tsattsage, injin ya riƙa zuƙar iskar da ba a auna ba. A zare kowane ƙaramin tiyo ɗaya bayan ɗaya, a toshe bakin da aka zare shi a jikin karburato da babban yatsa. In muryar injin ta daidaita, to an gano ɓarawon. Kada a manta da dogon tiyon da ke tafiya gaba zuwa birki. Wasu kan fesa esans don gano huda, amma kusa da inji mai zafi wannan neman gobara ne.

Idan tiyo lafiya lau, a kwance jiklar ralanti, wato ɗan ƙarfen nan mai rami a karburato da esans ke bi ta ciki, a hura mata iska. Raminta ƙarami ne ƙwarai, ƙwayar yashi ɗaya daga man kwalba na bakin hanya ta isa ta toshe shi, kuma ba a zura masa waya, don tana faɗaɗa shi. A gefen karburato akwai ƙaramar na'ura mai waya ɗaya: a buɗe kontak, a cire wayar a mayar, dole a ji ta ce ƙas. In ta yi shiru, mai ba ya wucewa.

Bayan an duba buji da delko, wato na'urar da ke raba wuta ga buji, sai a juya bis ɗin ralanti a hankali, rubu'in zagaye kowane karo, ana jira injin ya amsa, har ya tsaya wajen juyi 900 a minti ba tare da karkarwa ba.