Yadda za ka daɗe a sana'ar kafa wa 'yan kasuwa manhaja a Kano

Samun aikin farko ba ya wahala ga wanda ya iya kwamfuta a garin nan. Wani ɗan'uwa zai haɗa ka da mai kanti, ka saka masa manhajar lissafi, a sallame ka. Inda gizo ke saƙar shi ne bayan wata shida, lokacin da za ka tarar an lulluɓe kwamfutar da ƙyalle, yaran shago sun koma littafi da biro, kai kuma ka shiga jerin waɗanda suka ci kuɗin Alhaji. Abin da ke riƙe mutum shekara da shekaru a sana'ar nan shi ne manhajar ta ci gaba da aiki a hannun mutanen da ya kafa wa. Duk matakan da ke ƙasa a kan haka suka ginu.

Mataki na farko: ka zaɓi kasuwa ɗaya ka san ta ciki da waje

Lissafin Kantin Kwari daban yake da na Singa. A Kwari kaya na shigowa dila-dila, a sayar turmi-turmi, wani lokacin a yanka yadi. A Singa katan ne da dozin da guda, farashi kuma na iya sauyawa tsakanin safe da yamma. Mai sayar da magani damuwarsa ranar da magani zai lalace. Ɗan Dawanau yana son ganin la'adar dillali da kuɗin dako a kan kowane buhu. Masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa kuwa tambayarsu ita ce nawa aka kashe kafin ɗanyen kaya ya zama abin sayarwa. Wanda ya ce duk zai iya, a kowace kasuwa baƙo ne. Ka tsaya a guda har sai in ɗan kasuwa ya fara maka bayani, kai ne za ka ƙarasa masa zancen.

Mataki na biyu: ka koyi lissafin kuɗi kafin ka ƙware a manhaja

Matasa da dama nan suke tuntuɓe. Sun iya saka manhaja da haɗa firinta, amma ba su san bambancin riba da kuɗin da ke cikin aljihun tebur ba. Ka san yadda ake rubuta shige da fice, da daidaita littafi da takardar banki, da fitar da kuɗin kayan da ke sito. Ka fi ba bashi muhimmanci, domin kasuwancin Kano a kan amana yake tafiya: a ɗora wa mutumin Damagaram ko Maiduguri kaya, ya biya rabi, sauran sai ya dawo. Manhajar da ba za ta nuna wa maigida wa yake bi, nawa ne, tun yaushe ba, ba za ta kwana a shagonsa ba. Ka ƙulla zumunci da akanta mai shaidar ICAN ko ANAN, wato ƙungiyoyin ƙwararrun akantoci na Najeriya. Zai gyara maka fahimta, kuma shi ne zai riƙa turo maka masu neman aiki.

Mataki na uku: manhaja ɗaya ko biyu sun isa

Akwai QuickBooks ta kamfanin Intuit na Amurka, da Sage ta Ingila, da Tally ta Indiya. Akwai kuma Odoo ta Beljiyam wadda ke da nau'in kyauta, da ERPNext da kowa zai iya ɗauka ya gyara. Kafin ka ba da shawara, ka auna abu biyu. Na ɗaya dala: tun da aka saki naira kasuwa ta riƙa yanke darajarta a watan Yunin 2023, duk manhajar da ake biya wata-wata da kuɗin waje ta yi wa ƙaramin ɗan kasuwa nauyi, don haka ka faɗa masa abin da zai kashe a shekara tun kafin ya sa hannu. Na biyu wuta da sabis: in an ɗauke wuta ko intanet ta tsaya, za a iya ci gaba da yanka rasit? Mai saye ba zai tsaya jiran sabis ba, shagon gaba zai wuce. Wani ɗan kasuwar ma Excel da aka tsara da kyau ta ishe shi, kuma ka gaya masa hakan ko da kuɗin aikinka zai ragu. Ranar da kasuwarsa ta bunƙasa kai zai nema.

Mataki na huɗu: rajista da yarjejeniya

Ka yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, ka samu lambar haraji, ka buɗe asusun banki da sunan. Kamfanoni ba sa son tura kuɗin aiki asusun mutum. Kowane aiki a rubuta shi, ko da shafi ɗaya ne: abin da za ka yi, shaguna nawa, kwana nawa na horo, kafin alƙalami nawa, sauran kuma yaushe. Duk abin da aka ƙaro daga baya sabon ciniki ne.

Mataki na biyar: ka zauna a shagon

Nan ne aikin yake, kuma nan ne masu gaggawa ke tsallakewa. Kafin ka taɓa kwamfuta, ka samu benci ka kalli yadda ake ciniki. Za ka ga mai saye na farko ya biya kuɗi hannu, na biyu ya tura ta banki yana nuna waya, na uku ya ce a rubuta. Za ka ga ƙanen maigida ya ɗauki turmi biyu ya fita ba wanda ya rubuta, domin ai kayan gida ne. Irin wannan in ba ka tanadar masa gurbi ba, ƙarshen wata lissafi ba zai haɗu ba, kuma manhajarka za a ɗora wa laifi. Ka samu maigidan a keɓe ka ce: "Alhaji, kayan da ake ɗauka na gida, mu buɗe musu shafinsu. Ba don a hana kowa ba, don dai ka san inda suka tafi." Da wuya ya ƙi.

Sannan a ƙirga kayan sito gaba ɗaya, da hannu, kafin a shigar da su. Kada ka yarda da adadin da aka faɗa maka da ka. Haka littafin bashi, a bi shi suna-suna.

Sai yaran shago, waɗanda su ne za su raya aikin ko su kashe shi. Wasu tsoron kwamfuta suke, wasu suna ganin an kawo ta ne don a kama su. Ka koya musu da Hausa, da kayan da suke sayarwa, ka nuna musu cewa rasit kariya ce gare su ranar da kuɗi suka yi ƙasa. Kada ka ba wa ɗayansu kunya a gaban maigida. Kuma kada ka kuskura ka fara sabon tsari cikin azumi ko daf da Sallah, lokacin da Kwari ba masaka tsinke. Ka bari sai kasuwa ta lafa.

Mataki na shida: ka mayar da aikin na wata-wata

Kuɗin kafawa sau ɗaya ake biya, haya da kuɗin makarantar yara kuwa ba sa tsayawa. Ka tsara kuɗin kulawa mai sauƙi: ziyara, amsa waya, gyaran kuskure, horar da sabon yaro, da sabunta tsari idan doka ta sauya, kamar yadda harajin VAT ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 a watan Fabrairun 2020. Babban abin da za ka sayar a nan shi ne ajiye kwafin bayanai a wajen shago. Duk wanda ya shaida gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 ba ya buƙatar dogon bayani a kan abin da ke faruwa idan littafin bashi ya ƙone tare da kaya. Lokaci zuwa lokaci ka gwada dawo da kwafin a wata kwamfutar, ka tabbata yana buɗewa.

Mataki na bakwai: ka riƙe sirri

Za ka ga ribar mutum, da bashin da ake bin sa, da wanda yake saro wa kaya. Maƙwabcinsa a layi zai ja ka da hira don ya ji. Ranar da kalma ɗaya ta fita daga bakinka, kasuwar gaba ɗaya ta rufe maka ƙofa. Ga kuma dokar kare bayanai ta 2023 da ta shafi sunaye da lambobin wayar abokan cinikin mai shagon. Idan kamfanin manhaja na ba ka kamasho, ka sanar da mai shagon tun farko. Lambobin sirri na babban asusun manhajar kuma a hannun mai dukiya za su zauna, kada ka riƙe su don ka ɗaure shi.

Mataki na takwas: kada komai ya rataya a wuyanka

Ka rubuta yadda ka tsara wa kowane shago aikinsa, ka ɗauki matashi ɗaya ko biyu ka riƙa fita da su, domin ranar da ka kwanta ciwo ko ka tafi Umara a samu mai ɗaga waya. Kada ka bari babban Alhaji ɗaya ya zama shi ne mafi yawan abin da kake samu, komai kyawun biyansa. In ka ga haka ta fara faruwa, ka ware ranaku a mako don ƙananan shaguna, ka roƙi waɗanda suka ji daɗin aikinka su kai ka wurin abokansu a layin.