Yadda Za Ka Tambayi Mai Gida Kafin Ka Biya Kuɗin Haya a Birnin Kebbi

Neman gidan haya a Birnin Kebbi akwai gajiya. Ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki, angon da biki ya matso, malamin da ya samu koyarwa a kwalejin Waziri Umaru ko jami'ar tarayya da ke Kalgo, duk haka dillali zai yi ta yawo da su a bayan mashin, daga Badariya zuwa Gesse, daga Bayan Kara zuwa Gwadangaji. Da mutum ya ga gidan da ya kwanta masa, sai gajiya da kunya su sa ya miƙa kuɗin shekara bai tambayi komai ba. Alhali kafin ka biya ne kake da bakin magana.

Fara da neman ganin mai gidan ido da ido. Dillali la'adarsa yake nema, in ya karɓa ya gama nasa. Bayan an gaisa, ka tambaya cikin ladabi: "Alhaji, gidan ga naka ne kai kaɗai, ko na gado ne?" Kada ka raina wannan tambaya. Gidan gadon da ba a raba ba yana iya samun magada da yawa, ka biya ɗaya, bayan wata uku wani ya zo ya ce bai san da zamanka ba, ko a ce an sa gidan a kasuwa za a raba kuɗi. In na gado ne, ka san wanda magada suka wakilta, sunansa kuma shi zai hau takarda. In mai gidan yana Sakkwato ko Abuja, a kira shi a waya kana zaune, ka ji da kunnenka cewa ya yarda da wanda zai karɓi kuɗin. Ka kuma tambaye shi kai tsaye ko yana da niyyar sayar da gidan, ko yana da ɗan da zai yi aure ya buƙaci wurin.

Sai ruwa. Kowane dillali zai ce maka "akwai ruwa". Tambayar ita ce wane iri, kuma yana kaiwa watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ya tsananta rijiyoyi suka ja baya? In rijiyar burtsatse ce, wa ke gyaran injin in ya ƙone, kuma da wutar wa ake jan ruwan zuwa tanki? Buɗe famfon banɗaki da na kicin da hannunka. Ka leƙa ƙofar gidajen maƙwabta: in ka ga kurar 'yan garuwa tana sauke jarkoki da safe, ka san kuɗin ruwa zai shiga lissafinka na kullum.

Maganar wuta ita ce ta fi haɗa 'yan haya faɗa, don haka ka tsaya a kanta. Kamfanin Kaduna Electric ne ke raba wuta a Kebbi da Zamfara da Sakkwato. Ka tambaya ko gidan yana da mita mai kati, ko takardar ƙiyasi ake kawowa duk wata. In mita ce, ta sashenka ce kai kaɗai ko ta haɗaka? Mitar haɗaka takan jawo tsegumi: wannan yana da firji da na'urar sanyaya ɗaki, wancan fanka ɗaya da ƙwai biyu, amma a ce a raba kuɗi daidai. Ka nemi a nuna maka takardar biyan kuɗi ta ƙarshe, ka duba ko akwai tsohon bashi. In akwai, mai gida ya biya kafin ka tare, ko a rubuta cewa nasa ne, domin ranar da aka zo yanke waya gidan da kake kwana za a yanke wa. Ka tambayi mai shago ko mai shayin layin awa nawa ake samun wuta, da yadda ake karo-karo in taransifoma ta lalace. Shi ba shi da abin da zai ɓoye maka.

Yawanci da rani ake ganin gida, shi kuwa gida da damina ake sanin halinsa. Ɗaga kai ka kalli silin: tabo mai ruwan ƙasa-ƙasa alamar yoyo ce, ko da an shafe shi da sabon fenti. Dubi gindin bango, in siminti ya kumbura yana zuba, danshi na hawa. Fita waje ka ga ko titi ya fi tsakar gidan tudu, ka ga inda kwata ta nufa. Wanda ya ga ambaliyar 2020 a jihar nan ba zai yi wasa da wannan ba. Tambayi mai gida wa ke gyaran kwano in iskar farkon damina ta yaye shi, wa kuma ke biyan kwashe masai in ya cika. A ganina manyan gyare-gyare irin waɗannan na mai gida ne, ƙwan fitila da kan famfo na ɗan haya. In ya ce ka gyara a cire a kuɗin haya, to a rubuta, ka kuma riƙe rasit na duk abin da ka saya.

Daga nan ku zo kan kuɗi. A faɗa maka jimilla: kuɗin haya, la'adar dillali wadda galibi kashi 10 cikin ɗari ce, kuɗin takarda, da na ajiya saboda ɓarna in ana karɓa, da sharaɗin dawo maka da shi. Ranar da shekara za ta fara ƙirguwa ta zama ranar da aka ba ka makulli, ba ranar da ka biya ana cikin fenti ba. Ka tambayi kuɗin 'yan sintiri da na shara.

In gidan haɗaka ne, ka ji dokokinsa tun yanzu: ƙarfe nawa ake rufe ƙofa, ko an yarda da kiwon tumaki da kaji, ko uwargida za ta iya sana'arta a ciki, inda za a ajiye mashin. Yana da kyau ita ma ta je ta ga kicin da wurin shanya, ta gaisa da matan gidan, don ita ce za ta wuni da su.

Na ƙarshe, takarda. Wasu na jin nauyin ce wa dattijo a rubuta, kamar an nuna ba a yarda da shi ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu take, saboda haka babu abin kunya. Ka ce, "Baba, saboda rai da mantuwa, a sa a takarda." A tsarin da kotunan Najeriya suka saba bi, in ba a rubuta wani wa'adi ba, mai hayar shekara notis ɗin wata 6 ake ba shi kafin a tashe shi daga gida, mai biyan wata-wata kuma wata 1. Amma in ka sa hannu a takardar da ta ce wata 1, ita za a bi, don haka ka karanta wannan layin da kyau. A rubuta kuma wata nawa za a sanar da kai kafin ƙarin kuɗi. In da Turanci aka rubuta kuma bai zauna maka sosai ba, kai wa lauya ko wani da ka amince da shi. Shaidu biyu su sa hannu, in mai unguwa ya shiga ciki ya fi. Ka tura kuɗin ta banki zuwa asusu mai sunan da ke kan takardar, ka karɓi rasit da kwafinka. Ranar karɓar makulli ka ɗauki hoton kowane ɗaki da lambar da ke kan mita, ka tura wa mai gida ta WhatsApp, sannan ka canja kwaɗon ƙofa.