Yadda Ake Koyar da Wasan Barkwanci na Nan-take

Wannan wasa ba shi da rubutaccen labari. Ƙungiyar 'yan wasan barkwanci ta Second City, da aka kafa a Chicago a 1959, ta ginu ne kan atisayen Viola Spolin, wata malamar wasan kwaikwayo, kuma ajin makaranta ɗaya a Gombe ya isa a yi irinsa.

A tara mutum 8 zuwa 12 tsakanin la'asar da magariba. A yi da'ira, a ƙulla labari na minti 10, kowa kalma ɗaya. Sannan a fito bibbiyu, sauran su zaɓi wurin da labarin zai faru, kamar tasha ko teburin mai shayi.

Karɓi abin da abokin wasanka ya kawo, ka ɗora. In ya kira ka kwandasta, nemi kuɗin mota. Musu ke kashe wasa, domin labarin ba ya gaba. Sabbin shiga kan ƙosa su ba da dariya har su daina sauraro, don haka mai koyarwa ya tsayar da kowace fitowa a minti 3.