Bidiyon minti ɗaya da ke raka yaro daga wasa zuwa wanka

Yaro mai otizim, wanda wasu ke kira galahanga, sau da yawa ba wankan yake ƙi ba. Abin da ke tayar masa da hankali shi ne a katse masa wasa bai san me ke gaba ba. Magana iska ce, tana wucewa, bidiyo kuwa ko sau ashirin aka kalla ba ya canza fuska. A shekarar 2000, mai bincike Laura Schreibman da abokan aikinta a Amurka sun nuna wa yara uku masu otizim gajeren bidiyon inda za a je kafin a tashi, kuka da turjiya suka ragu. Wayar da ke hannunku a nan Tawa ta isa wannan aiki.

Ku fara da abu ɗaya tak, misali tashi daga tabarma zuwa wanka, ko fita daga gida zuwa lakkol. Ku riƙe wayar daidai tsayin idon yaron, ku bi hanyar da zai bi: hannu na mayar da kayan wasa cikin kwando, ƙofar ɗaki, tsakar gida, bokiti da soso, sannan zanen goge jiki. Matakai uku zuwa biyar, daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya. Idan yana son kallon yayansa ko yayarsa, su yi aikin a ɗauke su. Kalmomi kaɗan: "Wasa ya ƙare. Wanka. Sai fura." Ƙarshen bidiyon ya zama abin da yake so, kuma lallai ya same shi bayan wankan, in ba haka ba zai daina yarda da bidiyon.

Kayan cikin bidiyon su zama nasa na gaskiya. Bokiti shuɗi a waya, ja a banɗaki, ya isa ya ɓata komai. A kashe rediyo lokacin ɗauka, a jira awaki su yi shiru.

A nuna masa minti biyu kafin lokacin, yana cikin natsuwa. Idan kuka ya riga ya fara, kada a miƙa waya, don zai koyi cewa kuka ne ke kawo ta. Nan ne iyaye da yawa ke tuntuɓe: wayar kanta ta zama abin da ba ya son rabuwa da shi. Saboda haka ta tsaya a hannun babba, a rufe intanet kada saƙon WhatsApp ya shigo, a kalla sau ɗaya ko biyu, a ce "ya ƙare", a sa ta aljihu, a tashi nan take. Idan ya tsaya, ku ƙirga biyar a zuci kafin ku kama hannunsa a hankali.

Inna, baba da kaka duk su bi tsari ɗaya. Ku riƙa sa alama a takarda kullum har mako biyu: ya tafi da kansa, ko sai da aka taimaka. In babu sauyi, ku duba wankan kansa. Ruwan sanyi lokacin ɗari ko soso mai kaushi ba bidiyon da zai gyara su.

Idan ya saba, ku rage: yau a nuna, gobe a bari, daga baya hoto ɗaya na bokitin ya wadatar. Ku wanke hoton ku liƙa a bango, saboda ranar da aka ɗauke wuta waya ba caji.